Masai, Rijiya da Irin Ƙasar Gidanka: Tambayoyi da Amsoshi kan Naitiret a Ruwan Sha

A yawancin unguwanninmu, daga Kano zuwa Maraɗi, babu babban bututun da ke kwashe ƙazantar gidaje ya kai ta matata. Kowane gida da raminsa: ko masai na gargajiya, ko banɗaki mai ruwa da tankinsa da sokawe. A cikin wannan filin dai kuma ake haƙa rijiya ko burtsatse. Abin da ya raba ramukan biyu ƙasa ce kawai, ita kuwa ƙasa iri-iri ce. Tambayoyin da ke biye sun shafi sinadari guda da ke ratsa ta, wato naitiret.

Mene ne naitiret, kuma ta yaya yake fitowa daga masai?

Naitiret gishiri ne da ke ɗauke da sinadarin naitirojin, wanda manomi ke saye a takin zamani don ganyen masara ya yi kore. Jikin mutum yana fitar da naitirojin kullum, mafi yawansa a fitsari, ɗan kaɗan a bayan gida. A fitsari yana fitowa ne a matsayin yuriya. Da ya shiga rami, ƙwayoyin bakteriya su mayar da shi amoniya, wadda ita ce zarnin nan da ke bugun hanci. A cikin tankin sokawe da ƙasan masai mai ruwa babu iskar oksijin, don haka a nan yake tsayawa a matsayin amoniya. Sai ruwan ƙazantar ya tsiyaya cikin ƙasar da iska ke ratsawa, sannan wasu bakteriyan dabam su karɓe shi, su mayar da shi naitirayit, daga nan kuma naitiret. Ke nan ba a cikin ramin ake yin naitiret ba. A cikin ƙasar da ke kewaye da ramin ake yin sa, shi ya sa irin ƙasar ke da ta cewa tun daga farko.

Gida ɗaya har nawa zai fitar da za a damu?

Babban mutum yana fitar da naitirojin kimanin kilo 3 zuwa 4 a shekara, gwargwadon yawan nama, wake da sauran abinci mai gina jiki da yake ci. Gida mai mutum goma ke nan kilo 30 zuwa 40. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Wato gidan yana zuba abin da ya kai kimanin buhu ɗaya da rabi na yuriya a rami ɗaya duk shekara, a wurin da babu shukar da za ta sha, kuma a zurfin da saiwa ba ta kaiwa.

Ga lissafin da ya fi tayar da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha miligiram 50 a kowace lita, wanda ya yi daidai da miligiram 11 na naitirojin tsantsa. A ce kashi ɗaya cikin goma kacal na kilo 40 ɗin nan ne ya isa ruwan ƙasa, wato kilo 4. Kafin a sirka shi ya sauko kan iyaka, sai an sami tsaftataccen ruwa sama da lita dubu 360. Fili mai ƙafa 50 sau 50, a garin da ake samun ruwan sama milimita 800 a shekara, duk ruwan da ke sauka a kansa bai kai lita dubu 190 ba. Kuma mafi yawansa ta kwata yake ficewa ko rana ta shanye shi, balle yanzu da kowa ke malale tsakar gida da siminti.

To ba an ce ƙasa tana tace ƙazanta ba?

Tana tacewa, kuma aikinta ba ƙarami ba ne. Ƙwan tsutsar ciki yana maƙalewa a 'yan santimitocin farko. Bakteriya masu sa kwalara da taifot suna maƙalewa a tsakanin ƙwayoyin ƙasa, su mutu da kwanaki. Sinadarin fosfet yana mannewa a jikin ƙarfe da farar ƙasa. Ita ma amoniya tana mannewa, domin tana ɗauke da cajin lantarki wanda ya saɓa da na ƙwayoyin laka da ruɓaɓɓen ganye, sai su riƙe ta.

Naitiret ne ya fita zakka. Cajinsa iri ɗaya ne da na laka, don haka ba ya mannewa, ture shi ma ake yi. Yana narkewa sarai a ruwa, ba shi da jikin da za a tace, kuma ba rai gare shi ba balle ya mutu. Duk inda ruwa ya bi, yana biye, kusan da saurin ruwan.

Wace ƙasa ce ta fi sakin sa?

Jigawa da rairayi, irin ƙasar da ta mamaye Gumel, Haɗeja, arewacin Katsina, Maraɗi da Damagaram. Abin takaicin shi ne ita ce ƙasar da magini ya fi yaba wa. Sokawe a jigawa ba ya cika, ba ya tumbatsa da damina, maigida yana iya shekaru bai kira masu kwasa ba. Amma dalilin da ya sa ramin ba ya cika shi ne dalilin da ya sa rijiya ke cikin haɗari. Akwai sarari mai yawa tsakanin ƙwayoyin yashi, iska tana shiga sosai, don haka kusan duk amoniyar da ta fito tana zama naitiret a cikin ɗan zurfi kaɗan ƙarƙashin ramin. Yashi kuma ba shi da laka mai yawa da za ta riƙe amoniya, ba shi da ruɓaɓɓen ganyen da zai ciyar da bakteriyan da ke lalata naitiret. Sai ya gangara abinsa.

Masu bincike na Jami'ar Waterloo a Kanada sun bi sawun wannan tafiya a wani aiki da suka buga a 1991. Sun kafa bututun awo da yawa a kewayen sokawen gida ɗaya tal a garin Cambridge na lardin Ontario, inda ƙasar yashi ce, kuma an shafe fiye da shekara 12 ana amfani da sokawen. Suka tarar da gurɓataccen ruwan ya miƙe a ƙarƙashin ƙasa tsawon mita 130, faɗinsa kuwa kamar mita 10 ne kawai. Bai bazu ya sirku da ruwan gefe ba kamar yadda ake zato. Siririyar hanya ya bi, da ƙarfinsa. Ma'anar wannan ga mai rijiya ita ce, maƙwabta biyu suna iya haƙa rijiya tazarar taku ashirin, ɗaya ta faɗa kan hanyar, ɗaya ta kuɓuta.

Ke nan mai ƙasar laka ya tsira?

Ta fuskar naitiret yana da sauƙi. Laka da yumɓu suna riƙe amoniya, ruwa yana tafiya a cikinsu a hankali ƙwarai, kuma idan sun jiƙe iska ba ta shiga, don haka naitiret kaɗan ake yi, wanda aka yi ɗin ma ana iya lalata shi kafin ya yi nisa. Shimfiɗar laka mai kauri tsakanin gindin masai da ruwan ƙasa ita ce kariya mafi kyau da gida zai samu kyauta.

Sai dai ta wata ƙofar matsalar ke shigowa. Ramin da ba ya tsiyaya cika yake yi, ya tumbatsa a watan Agusta, ƙazantar ta bi tsakar gida da lungu ta faɗa rijiya ta baki, da ƙwayoyin cutarta gaba ɗaya. Wannan ya fi naitiret saurin kwantar da mutum. Sannan akwai baƙar lakar nan mai tsagewa da rani, irin ta wasu fadamu da filayen kusa da Tafkin Chadi. Tsagar tana iya yin zurfin da hannu ba ya kaiwa, kuma ruwan farkon damina ta cikinta yake zurarewa kafin lakar ta kumbura ta rufe. Ramin gara, ramin ɓera da gurbin saiwar da ta ruɓe duk haka suke yi. Inda aka sami irin waɗannan ƙofofi, ruwa ba ya ratsa lakar, kewaye ta yake yi.

Akwai abin da ke lalata naitiret a cikin ƙasa?

Akwai, kuma kusan hanya ɗaya ce mai muhimmanci. Wasu bakteriya idan suka rasa oksijin sai su koma shaƙar naitiret a madadinsa, su mayar da shi iskar naitirojin, wadda dama ita ce kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Sai ta fice, shi ke nan. Amma suna da sharaɗi biyu: wurin ya kasance babu oksijin, kuma a sami abincinsu, wato ruɓaɓɓen ganye, itace ko makamancinsu. A wasu duwatsun, ma'adinin ƙarfe mai farar wuta yana iya zama abincin.

A nan ne wuyar take. Yin naitiret yana son iska, lalata shi yana son rashin iska, kuma dole a bi wannan jerin. Ƙasar da za ta gama aikin ita ce wadda samanta ke shan iska, can ƙasa kuma akwai jiƙaƙƙen wuri mai baƙar ƙasa. Masu binciken Kanada ɗin nan sun ga haka a wani gida na biyu a yankin Muskoka. Naitiret ya taso daga sokawe ya yi tafiyar kusan mita 20 cikin yashi zuwa bakin kogi, amma a cikin mita 2 na ƙarshe, inda akwai taɓo mai ruɓaɓɓen ganye, kusan duka ya ɓace. Fadamunmu suna da irin wannan baiwa, kuma ita ce muke binnewa da ɓaraguzai muna yanka filaye a kai.

Jar ƙasa, marmara da dutse fa?

Jar ƙasa mai zurfi, wadda ƙarfe ya rina, tana da wata 'yar falala. Idan tana da tsami, jikin ƙwayoyinta yakan ɗauki cajin da ke ɗan riƙe naitiret, ya rage masa sauri. Jinkiri ne kawai, domin ba a lalata shi ba, kuma ramin da ake zuba wa ƙazanta kullum yana cika mata ciki.

Marmara tana ruɗin mutane. Diga yana tartsatsi a kanta, sai a ce ai ruwa ba zai wuce ba. Alhali cike take da ƙofofi da 'yan hanyoyi, ruwa yana bin su da sauri.

Dutse ya fi duka buƙatar a tsaya a kansa, saboda birnin Kano, Zariya, Kaduna da Gusau duk a kan tsohon dutse mai tauri suke, irin wanda ya leƙo a Kufena. A samansa akwai ruɓaɓɓen dutse da ya zama ƙasa, wani wuri mai kauri, wani wuri ɗan siriri. Ruwan rijiya yana zaune ne a cikin wannan ruɓaɓɓen da kuma tsagogin dutsen da ke ƙasansa. Idan mai haƙa masai ya ce ya kai dutse, maigida yakan yi murna wai ramin ya sami gindi. A ganina a nan ya kamata gabansa ya faɗi. An cire duk ƙasar da za ta yi tacewar, an ɗora ƙazanta a bakin tsaga. A cikin tsagar dutse, tafiyar da za ta ɗauki watanni a ƙasa mai laushi tana iya zama ta kwana ɗaya ko biyu, kuma ba naitiret kaɗai zai iso ba, har da ƙwayoyin cuta da ransu. Dutsen farar ƙasa, irin na Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato, ya ma fi haka, domin ruwa yana cinye shi a hankali, tsagar ta zama kogo.

Zurfin ruwa da yanayin damina suna da tasiri?

Sosai. Tazarar da ke tsakanin gindin rami da saman ruwan ƙasa ita ce inda yawancin tacewa ke faruwa. Wanda ya haƙa masai a watan Afrilu ya ga busasshiyar ƙasa bai ga gaskiyar filinsa ba, sai ya leƙa rijiyar maƙwabci a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. Ƙa'idar Sphere, wadda ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita, ta ce gindin rami ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, kuma da matakin damina ake aunawa.

Wani abin lura: inda ruwa yake da nisa, ƙwayoyin cuta sun fi mutuwa a hanya, amma naitiret jinkiri kawai yake yi. Yana iya shafe shekaru yana gangarawa. Unguwar da aka gina shekara goma da suka wuce, rijiyoyinta suna iya zama lafiya yau, alhali kayan na hanya. Ƙarancin ruwan sama ma yana da fuska biyu. Yana rage abin da ke wanko naitiret zuwa ƙasa, amma kuma babu ruwan da zai sirka wanda ya isa. A nan banɗaki mai ruwa ya fi busasshen masai illa, domin kullum yana tura wa ƙasa bokiti-bokiti na ruwa, rani da damina.

Na bar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Bai isa ba?

Ka kyauta, kuma kada ka rage. Amma wannan tazara, ko mita 15 da wasu jagorori ke faɗa, don ƙwayoyin cuta aka tsara ta. Hikimar ita ce ruwan ya daɗe a hanya har su mutu. Naitiret ba ya mutuwa da daɗewa. Ka tuna da mita 130 ɗin nan na Kanada.

Kuma a fili mai ƙafa 50 sau 50, wanda ko daga kusurwa zuwa kusurwa bai wuce mita 22 ba, mita 30 ba ta ma samuwa. Idan ka matsa daga naka ramin, ka kusanci na maƙwabcin da ke bayan katanga. A cunkusasshiyar unguwa, abin da ke yanke hukunci shi ne yawan mutanen da ke zaune a kan kowace kadada da irin ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Abin da ya rage a hannunka shi ne ɓangare: ruwan ƙasa yawanci gangaren saman ƙasa yake bi, zuwa rafi ko fadama, don haka rijiya ta kasance ta sama, rami ta gangare.

Burtsatse ai ta wuce wannan matsalar ko?

Ya danganta da inda take ɗebo ruwa da yadda aka yi ta. A Maiduguri akwai matakan ruwa uku a ƙarƙashin ƙasa. Na sama a buɗe yake ga duk abin da ya gangaro, na tsakiya da na ƙasa kuwa laka mai kauri ta rufe su. Haka ma wasu sassan yammacin Sakkwato da Kabi, inda yashi mai ruwa ke kwance ƙarƙashin laka. Burtsatsen da ta ratsa lakar aka toshe gefenta da kyau tana da kariya ta gaske.

A ƙasar dutse labarin ya bambanta. Ruwan tsagogin daga ruɓaɓɓen saman yake sauka, don haka burtsatse da rijiyar guga sau da yawa ruwa ɗaya suke sha. Famfo mai ƙarfi kuma yana janyo ruwa daga kowane ɓangare, har ya karkato da hanyar gurɓataccen ruwan da da can wucewa yake yi ta gefe. Babban sakacin da ake yi shi ne rashin zuba siminti a sararin da ke tsakanin bututu da bangon rami a mitocin sama. Mai haƙa ya tsuke kuɗin siminti 'yan buhuna, ya cika wurin da tsakuwa, ya buɗe wa ruwan sama-sama hanya kai tsaye zuwa ƙasa. Ranar da za a yi wannan aikin, ka tsaya a wurin da kanka.

An taɓa rasa ruwan gari saboda wannan?

An taɓa. Garin Ramotswa na Botswana yana zaune a kan dutse mai kogo-kogo, ɗan uwan farar ƙasa, mai ruwa da yawa. Masai ya yawaita a samansa, naitiret ya haura iyaka, aka dakatar da rijiyoyin gwamnati a 1996. Sai da fari ya matsa aka koma musu a 2014, tare da na'urar tacewa.

A Senegal, yashin Thiaroye da ke gefen Dakar ya shayar da birnin tun shekarun 1950. Unguwanni suka mamaye shi ba tare da magudanar ƙazanta ba, naitiret ya kai ɗaruruwan miligiram a lita, aka rage ɗiban ruwan. Da aka rage, sai ruwan ƙasa ya taso, ya ƙara wa unguwannin Pikine ambaliya. A Yamai ma, binciken da aka buga a 1997 ya sami naitiret mai yawa a rijiyoyin birnin, kuma awon nau'in naitirojin ɗin ya nuna masai na cikin tushensa.

Wace illa yake yi wa jiki?

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne jariri, musamman ɗan ƙasa da wata uku zuwa shida da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan rijiya. A cikinsa naitiret yana komawa naitirayit, ya shiga jini ya sauya sinadarin da ke ɗaukar oksijin, jinin ya kasa aikinsa. Wani likita a Iowa ta Amurka mai suna Hunter Comly ne ya bayyana alaƙar da ruwan rijiya a 1945. A fatarmu ba a cika ganin shuɗin da Turawa ke cewa jaririn yana yi ba, don haka a duba leɓe, harshe, dasashi da farce, a ga ko sun yi duhu ko toka-toka, ga numfashi sama-sama da kasala. Wannan na asibiti ne nan take, kuma akwai maganinsa. Gudawa tana ƙara tsananta shi, ita kuwa rijiyar da masai ya taɓa takan kawo duka biyun tare.

Nonon uwa ba ya ɗauko naitiret mai yawa ko da uwar tana shan ruwan. Ga wani dalilin riƙe nono zalla har wata shida, da kuma lallashin kakanni su bar ɗura wa jariri ruwa da jiƙo. Mai juna biyu ma gara ta kauce wa ruwan da ya haura iyaka. Ga manya, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naitiret da naitirayit cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa kansa idan suka sami yanayin da ke sauya su a cikin ciki.

Idan na tafasa ruwan, ko na sa alif ko kulorin fa?

Babu ɗaya da ke cire shi. Tafasawa ma ƙara shi take yi, domin ruwa ne ke tashi a tururi, gishirin ya zauna. Alif laka yake kwantarwa, kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, ƙyalle da tukunyar tacewa datti suke tarewa. Masu cire shi su ne na'urar da ke matsa ruwa ta cikin siririyar fata, irin ta kamfanonin ruwan roba na ƙwarai, da na'urar musayar gishiri, da kuma tara tururi a mayar da shi ruwa.

Ta yaya zan san halin da rijiyata ke ciki?

An ce ruwa ba ya tsami banza, to shi naitiret ko tsamin ba ya sawa. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwa garai-garai mai sanyi yana iya ninka iyakar sau uku. Zartsin da ya bayyana a rijiyar da da can daɗi gare ta alama ce da za a bincika, domin gishirin abincinmu ma ta fitsari yake fita ya bi hanya ɗaya, amma rashin zartsi ba shaida ba ce.

Awo ne kawai. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa ta sauya launi, tana ba da ƙiyasi. Don sahihin sakamako a kai ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha, ko sashen kimiyyar sinadarai ko na ƙasa a jami'a, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. A ɗebi ruwan a tsaftatacciyar roba, a sa shi a sanyi, a kai cikin kwana ɗaya ko biyu. A yi sau biyu, ƙarshen rani da ƙarshen damina, kuma a haɗa da gwajin ƙwayoyin cuta. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar a 2007, shi ma 50 ya sa. Ka duba takardar da kyau: wasu ɗakunan gwajin suna rubuta naitirojin ɗin da ke ciki kawai. Idan haka ne iyakarka 11 ce, kuma 30 a wannan ma'aunin ya haura 130 a ɗayan.

Ba kowane naitiret ne daga masai ba. Turken dabbobi, juji, kwatami da gonar rani mai shan taki duk suna bayarwa. Idan an same shi tare da gishirin kulorayid (irin na gishirin abinci) mai yawa da bakteriyan hanji, zargi ya fi karkata ga ƙazantar mutum ko dabba.

Zan fara gini. Me ya kamata in yi tun yanzu?

Ka fara da tambayar masu haƙar rijiya na unguwar. Sun san gaba nawa ake yi kafin a taɓa laka, marmara ko dutse, da inda ruwa ke tsayawa da damina, kuma iliminsu ya fi na mai zanen gida a wannan fannin. Ka kuma duba ƙasar da ke fitowa daga raminka: ka jiƙa ta ka murza. Wadda ta watse yashi ce, wadda ta yi igiya ta lanƙwasu laka ce.

A yashi, ko inda dutse ko ruwa ke kusa, ka guji rami mai zurfi. Gajeren rami, ko a ɗaga shi sama da ƙasa, ko rami biyu da ake amfani da su bi da bi, duk sun fi zurfafawa. Kwance bututun tsiyaya a ƙasar sama-sama, inda akwai saiwa da baƙar ƙasa, ya fi sokawe mai zurfi, in akwai fili. A Kanada an gwada shimfiɗa garin katako a ƙarƙashin yashin wurin tsiyaya don ciyar da bakteriyan nan masu lalata naitiret, kuma ya yi shekaru yana aiki. A cunkusasshen wuri kuwa, tanki mai siminti da ba ya yoyo wanda mota ko 'yan "gidan kowa da akwai" za su riƙa kwashewa shi ne ya fi kare ruwa, muddin ba a bayan gari kusa da rijiyoyin wasu za a juye ba.

Akwai kuma raba fitsari da bayan gida, tunda a fitsarin mafi yawan naitirojin yake. A yankin Maraɗi, mata manoma sun gwada adana shi a jarka na wasu watanni sannan su zuba wa gero, kuma amfanin ya ƙaru. Batun najasa yana sa mutane da yawa ja da baya, wannan kuma zance ne da ya kamata malamai da masana aikin gona su zauna a kansa.

An auna tawa ta haura iyaka. In cike ta?

Ba sai ka cike ba. Naitiret ba ya shiga ta fata, don haka wanka, wanki da alwala duk babu laifi ta wannan fuskar, lambu ma taki ya samu. Abin da za a canza shi ne ruwan sha da girki, kuma a fara da na jariri da mai juna biyu a ranar da aka ga sakamakon. Idan mai garuwa ke kawo maka, ka tambayi burtsatsen da yake ɗebowa, domin tana iya zama a kan hanya ɗaya da rijiyarka. Ruwan sama da aka tara ta tsaftataccen kwano, bayan an bar na farko ya wanke rufin, yana da ƙarancin naitiret, kuma ana iya sirka shi da na rijiyar idan haurawar ba ta yi yawa ba. Ka gaya wa maƙwabta su ma su auna. Ko an gyara ramin yau, abin da ya riga ya shiga ƙasa zai ci gaba da isowa na wasu shekaru, don haka a maimaita awon duk shekara kafin a koma sha.